Mutumin da Ya Sa Aka Fiƙe wa Kwamfuta Fensir

Bari in fara da wautata, domin in ban faɗa da bakina ba, akwai mutum goma a bakin kogi da za su faɗa, kuma kowannensu sai ya ƙara gishiri. Ni ne mutumin da ya miƙe a tsakiyar taron masunta, ya gyara hula, ya yi dogon jawabi yana neman a kafa doka mai tsauri. Aka kafa ta, kuma sunan da ta fara jefarwa waje nawa ne. An san masu haƙa rami su faɗa ciki, amma ni sai da na sa aka yi mini tafi tukuna na faɗa. Wanda ya ciro ni shi ne muka binne a Gashuwa kwanakin baya. Shi ya sa na ɗauki biro, ni da iyakar karatuna aji uku a firamare, biyu daga ciki ma a bakin ruwa na yi su.

Ɗan kawuna ne, taubashina. Mahaifinsa da mahaifiyata ciki ɗaya suke. Ya girme ni da shekara goma sha wani abu, saboda haka a gaban mutane Yaya nake ce masa. In mun keɓe sai in ce masa Akawun Kifi, shi kuma ya ce mini Gwanin Baki. Shi ne magatakardan ƙungiyar masuntan ƙauyukanmu, waɗanda ke jere a bakin ruwa tsakanin Nguru da Gashuwa, tun ban san ana rubuta sunan masunci a takarda ba.

Bayan azahar ya cika, yana zaune a zaure, ya jingina da bango kamar mai jiran baƙo. Kafin rana ta faɗi an kai shi. Kwana uku mutane na zuwa. Dillalan banda na kasuwar Nguru suka cika mota guda, ƙamshin hayaƙi na bin rigunansu, babbansu ya zauna ya ce shekara arba'in bai taɓa jin marigayi ya ce ya manta ba. Wani tsoho Babarbare ya taso tun daga Yusufari a bayan babur, ya gaishe mu da wushe, gaisuwar Barebari, ya yi addu'a, ya ce shi ko iyo bai iya ba, amma marigayi ya taɓa raka shi asibiti ya wuni da shi a layi, alhali a cikin mota suka haɗu. Shugaban ƙungiyarmu, wanda ya taɓa yin shekara guda cur ba ya amsa gaisuwar Yaya, shi ya fi kowa hawaye, har liman ya dafa masa gwiwa. Daga cikin gida matarsa ta aiko cewa da aka zo raba tufafinsa, babu rigar da ba a sami ɓawon fiƙar fensir a aljihunta ba. Ta ce shekara hamsin tana yi masa faɗa a kan wannan ƙazantar, yanzu kuma ta hana kowa ya kakkaɓe.

Ni kuwa mutane sai kallona suke, domin an san taubashi ba ya rasa abin faɗa ko a bakin kabari. Wani ya zungure ni ya ce yau ban tsokane shi ba. Shekara sittin ina jifansa da magana yana mayar mini, ranar nan na laluba ban sami ko tsakuwa ba.

Yana saurayi ya yi akawu a tashar jirgin ƙasa ta Nguru, zamanin da ake loda banda da busasshen nama zuwa kudu. A can ya koyi saƙala fensir a kunne, kuma bai sauke ba har ya koma ga Allah. Da reza yake fiƙewa, a hankali, ya tara ɓawon a tafin hannu ya zuba a aljihu. Ɗan masunta ne gaba da baya, amma in ya shiga kwale-kwale jiri ke ɗibarsa, don haka duk aikin ruwan da ya yi a rayuwarsa daga gaɓa ya yi shi. Kifi ma bai dame shi ba, a ba shi tuwon gero da miyar kuka an gama da shi. Na sha gaya masa cewa Allah ya ba masunta magatakarda mai tsoron ruwa ne don kada ya saci kifi. Sai ya ce ni kuma an ba ni baki ne don kada a lura da ƙanƙantar kamuna. Ba ya cewa a'a kai tsaye. In ka kawo masa maganar da ba ta kwanta masa ba, sai ya ce, bari ruwa ya kwanta mu ga ƙasa. Wanda ya san shi ya san an gama.

Ga wanda bai san sana'armu ba, in ruwan ambaliya ya fara janyewa bayan damina, kifi kan nemi hanyar komawa kogi. A nan muke dasa dumba, wato shingen da ke tare hanyar ruwan, mu jera tarkunan gura a bakinsa. Wurin da mutum ke dasa tasa shi ne gurbinsa, kuma gurbi gadon gida ne. Littafi uku Yaya ke riƙe da su. Na ɗaya na mutane, kowa da sunansa da na ubansa da ƙauyensu da lambarsa. Na biyu na gurabe, kowane da lambarsa da inda yake. Na uku kuwa babu suna a ciki, lamba kawai yake haɗawa da lamba, wane ke riƙe da wane. Ƙa'idojin kuma tun kakanni aka san su. Gurbi ɗaya mutum ɗaya. Mai gurbi sai magidanci mai rai wanda ubansa ke cikin littafi. Ba a dasa dumba a tafkin da kifi ke zuba ƙwai. In kuma gurbi ya rasa mai shi, wanda ke ƙasa da shi ne ke da haƙƙin farko.

A littafi na ukun nan akwai rubutun biro, akwai na fensir. Na taɓa tambayarsa ko tsadar biro ce ta dame shi. Ya ce, abin da aka rubuta da biro an gama magana, abin da aka rubuta da fensir kuwa mai shi yana nan yana numfashi, ana duba lamarinsa. Na yi dariya na wuce. Ban nemi ya nuna mini layina ba. Wa ke neman ganin lamba?

Yanzu sai in kawo matar maƙwabcina. 'Yar Bade ce, doguwa, mai hannun maza. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya mata huɗu, ba namiji. Kowa ya ɗauka za ta saki gurbin, sai aka gan ta ta ɗaure zane ta shiga ruwa da 'ya'yanta, ta dasa dumba da ta fi ta marigayin kyau. Gurbin nata yana sama da nawa. Duk tarwaɗar da ta yi niyyar zuwa wurina sai ta fara tsayawa gaida ta, kuma yawancinsu ba sa ƙarasowa. Ni ina ce mata Uwar 'Yan Mata, ita tana ce mini Na Ƙasa. In ta ji haushina sai ta juya Badanci, ta san ina ji amma ba na iya ramawa. Shekara da shekaru ina kallon kwandunanta ina haɗiyar yawu, kuma na san a ƙa'ida ba ta da hurumin riƙe wurin.

Damina huɗu da suka wuce ruwa ya shiga ɗakin ƙungiya a Gashuwa, ya jiƙa gindin littattafan. Yaya ya shanya su shafi-shafi a kan tabarma yana korar awaki. A lokacin kuma aka ce kowane masunci sai ya riƙe kati. 'Yarsa ta biyu, malama ce mai koyar da kwamfuta a wata makaranta, uwar manyan 'ya'ya, ta ce za ta zuba littattafan uku a abin da ta kira rumbun bayanai. Ta zo taro ta yi mana bayani cikin Hausa mai sauƙi. Ta ce littattafan za su kasance a ɗaure da juna, in an taɓa lamba a ɗaya sauran sun sani. Ta ce kuma ana iya koya wa na'urar ƙa'idojinmu, ta yadda duk abin da ya saɓa musu ba za ta karɓa ba, ko wa ya kawo. Ko a kunna mata wannan tsaron gaba ɗaya, ko a bar ta tana haɗiye duk abin da aka ba ta. Taro ya zaɓa.

Ina jin haka na hango kaina a gurbin sama. Na miƙe. Na ce lokaci ya yi da za a daina sanayya. Na ce na'ura ba ta da suruki, ba ta da taubashi, ba ta cin goro. Na ce ƙa'idar kakanni ba tabarma ba ce da za a naɗe in baƙo ya zo. Wallahi na yi magana, ni kaina na ji daɗin muryata. Aka yi tafi. Yaya ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Gwanin Baki, ka tabbata?" Na ce ban taɓa tabbata da komai haka ba. Ya fara cewa a bari ruwa ya kwanta, amma hannuwa sun riga sun tashi, nawa ya fi na kowa tsawo.

Ranar da za a shigar da littafi na uku na yi sammako na hau mota zuwa Gashuwa, da goro a aljihu, don in ga abin da idona. Malama na bugawa, mahaifinta na karanto lambobi, mu 'yan shaida muna kan benci. Daga ƙasan ruwa suka faro suna hawa, don haka sai an wuce ni za a kai ga Uwar 'Yan Mata. Aka zo kaina. Ta buga lambata, ta buga ta gurbi, sai na'urar ta yi ɗan ƙara ta fito da jan rubutu. Malama ta ce wai gurbin yana da mai shi. Na ce ƙwarai kuwa, ga shi zaune yana cin goro. Ta ce, "Baffa, ba lambarka ba ce a kai." Ta karanto lambar. Yaya ya sauke fensir daga kunne ya ce, "Tawa ce."

Ga abin da ya faru, wanda na zauna a kansa shekara talatin ban sani ba. Gurbin mahaifina yana kan wata hanyar ruwa da ciyawar kacalla ta cinye, ta toshe ta har tsuntsu kaɗai ke shiga. A shekarar matata na da goyo, rumbuna babu komai, na ɗaure kayana zan tafi tafkin Chadi in gwada sa'a. Yaya ya zo ƙauye, ya ja ni bakin ruwa, ya tsaya a gaɓa nesa da inda zai jiƙe, ya nuna wani wuri da fensir ya ce in dasa a can. Na dasa. Na ɗauka ƙungiya ce ta musanya mini, har na riƙa gaya wa mutane cewa an san darajata. Ashe gurbin gidansu ne. Ba zai iya ba ni da biro ba, domin 'ya'yan ƙannensa na da gado a ciki. Sai ya bar lambarsa da biro, ya rubuta tawa a ƙasa da fensir. Ranar ya juyo mini littafin na gani. Rubutun ya yi kauri ya yi sheƙi, domin fensir na gogewa, shi kuma kowace shekara sai ya bi sawunsa da sabo.

Ban san lokacin da na haɗiye goron ba. Aka ci gaba. Na'urar ta ƙi Uwar 'Yan Mata, kamar yadda na yi fata, sai dai yanzu babu daɗin ji. Ta ƙi wani mutum da ya zo daga wajen Machina tun shekarun fari, wanda ubansa bai taɓa shiga littafi ba. Ta ƙi wa da ƙane da ke dasa wuri ɗaya tun rasuwar mahaifinsu ba su taɓa faɗa ba. Saura mako biyu a buɗe ruwa, kuma sarkin ruwa ya riga ya sanar cewa duk dumbar da mai ita ba shi da kati za a tuge ta. Wanda ya rasa wannan kamun ya rasa abincin shekara.

Da 'yan shaida suka watse na matsa kusa da malama na rage murya. Na ce ai abin mai sauƙi ne, ta ƙirƙiro lambar wani gurbi ta liƙa mini, wa zai je ya auna? Ta ce na'urar za ta karɓa kam, ita ba ta san ruwa ba, lamba ta sani. Ta dubi mahaifinta. Ya ce, "Fensir ba ƙarya ba ne. Fensir na cewa ga ƙa'ida, ga wanda ya saɓa mata, ga dalili. Abin da kake nema shi ne a rubuta ƙarya da biro." Na ce to ya bar ni in mutu da gaskiya. Ya ce ba zan mutu ba, masu irin bakina suna daɗewa.

Abin da ya biyo baya gardama ce tsakanin uba da 'ya, kuma ban taɓa ganin mutum biyu masu kama da juna haka ba. Ita ta ce ƙa'idar da za a iya tsallakewa ba ƙa'ida ba ce, kuma in an buɗe ƙofa ɗaya kowa zai zo da ɗan'uwansa. Ta ce in ya ga dama ta kashe tsaron duka a huta. Shi ya ce in ta kashe duka ta mayar da littattafansa juji, gobe mutum uku su wayi gari a gurbi ɗaya da kati a hannu da adda a ɗaya hannun. In kuma ta bar shi a kunne duka, ko ta kori mutane daga ruwa ko ta koya musu ƙarya, kuma ga misali nan zaune a benci. Ya nuna ni. Sannan ya tambaye ta ina fensirin na'urar yake. Ta ce ba ta da fensir. Ya ce, "To fiƙe mata."

Ta tafi tana gunaguni, irin gunagunin da uwarta ke yi a kan aljihu. Kwana goma, in ta taso daga makaranta sai ta zauna a kan aikin, shi yana gefe yana ba ta shawarar da ba ta nema ba. Abin da ta fito da shi ko ni na fahimta. Kowace ƙa'ida ta sami makunninta ita kaɗai, ko a sa ta a biro ko a sa ta a fensir. Wadda ke biro, na'ura ba ta karɓar abin da ya saɓa mata. Wadda ke fensir, tana karɓa, amma sai an rubuta dalili da sunan wanda ya yarda, sannan ta shafa wa layin ja. Kowace shekara kafin buɗe ruwa za ta fito da jajayen duka a takarda a karanta a taro. Akwai kuma abu na ƙarshe da Yaya ya nace a kai. Ba a mayar da ƙa'ida daga fensir zuwa biro sai na'ura ta fara nuna sunayen duk waɗanda za ta jefar, domin mutane su ga fuskoki kafin su ɗaga hannu. Wannan ya raɗa mata suna ƙa'idar Gwanin Baki, kuma har yau haka ake kiranta. Aka sake taro aka amince. A layin baya na zauna, ina duba ƙusoshin takalmina.

Kada a ɗauka abin ya tafi sumul. Da aka buga katuna aka kawo ƙauye, kowa ya sami nasa ban da mu biyu. Katin gurbina ya fito da sunan Yaya. Uwar 'Yan Mata kuma nata ya fito da sunan mijinta da ya shekara goma a kabari. Mota ɗaya muka hau zuwa Gashuwa, kujera ɗaya, kafaɗa na gugar kafaɗa, ta juya mini ƙeya, ta san wanda ya yi jawabi da dalilinsa. Malama ta duba ta dafe kai. Ta ce ta gaya wa na'urar ta daina tsare ƙofa, amma ta manta ta gaya mata ta daina yarda cewa mutum ɗaya ne a ɗaki. Wurin buga kati tana ganin suna na farko sai ta wuce, domin a saninta babu na biyu. Yaya ya ce haka ma mutane suke. Aka gyara, aka ba mu namu. Malama ta miƙa hannu za ta karɓi wanda ya fito da sunan mamacin ta yaga. Uwar 'Yan Mata ta ƙulle shi a bakin zane ta ce wannan ba na ƙungiya ba ne.

Tsoron malama bai daɗe ba ya zo da ƙafarsa. Shugaban ƙungiya ya sami Yaya ya ce tunda yanzu akwai fensir, a sa ɗan ƙanwarsa ya dasa a bakin tafkin ƙwai, shekara ɗaya tak, yaron zai yi aure. Yaya ya ce a bari ruwa ya kwanta. Shugaba ya ce ruwa ya kwanta wa taubashinka, ya kwanta wa matar mamaci, sai ni ne ba zai kwanta wa ba? Ina wurin, na so ƙasa ta tsage. Yaya ya ce waɗanda shugaba ya lissafa in an bar su ba wanda ya rasa komai, wannan kuwa in an bari jikokinmu ne za su ci ciyawa. Washegari ya sa malama ta kulle waccan ƙa'idar a biro, kullewar da shi kansa ba zai iya buɗewa ba. Wannan ce shekarar da shugaba ya daina amsa gaisuwarsa. Yaya bai fasa ba. Duk Juma'a sai ya tsaya ya gaishe shi, ya ɗan jira amsa kamar za ta zo, sannan ya wuce. Ranar da amsar ta zo kuwa bai nuna ya lura ba.

A shekararsa ta ƙarshe ƙafa ta fara ƙin sa, amma ya tashi bin jajayen layuka ɗaya bayan ɗaya. Yana cewa fensir masauki ne, ba gida ba. Ya sa aka kawo dattawa biyu suka shaidi mutumin Machina aka shigar da ubansa. Ya sa wa da ƙanen nan suka kafa turke a tsakiya, gurbi ya zama biyu. Nawa kuwa, da babbar salla 'ya'yan ƙannensa suka zo daga Kano, ya tara su a zaure ya ce ga wuri nan babu wanda ya taɓa jiƙa ƙafa a cikinsa a cikinku, ga kuma wanda ya tsufa a ciki. Suka yafe. Ya aika aka kira ni, ya sa malama ta juyo mini fuskar na'urar in gani. Jan ya tafi. Na fara haɗa kalmomin godiya, ya katse ni ya ce ba don ni ya yi ba, ya gaji da bin sawuna ne.

Na Uwar 'Yan Mata kaɗai ya gagare shi, domin nata sai an canza ƙa'idar kanta, kuma wannan aikin babban taro ne. Ya rubuta shi a jerin abubuwan da za a tattauna. Bai kai ranar ba.

Bayan addu'ar arba'in aka zauna. Matasan ƙungiya suka kawo magana, kuma ba maganar banza ba ce. Suka ce fensir ya yi kyau ne saboda hannun da ke riƙe da shi. Yanzu hannun ya tafi, wa za a ba? Gara a mayar da komai biro kafin ya zama ƙofar sanayya. Mutane suka fara gyaɗa kai. Malama ta ce to, a bisa ƙa'ida sai an karanta waɗanda za a jefar. Ta buga takarda ta karanta. Suna ɗaya ne a ciki. Ita mai sunan ba ta wurin, mata ba sa zuwa taron.

Wanda ke kusa da ni ya sunkuyo ya raɗa mini cewa Allah ya kashe ya ba ni, gurbin sama ya zama nawa ko tari ban yi ba. Ba zan yi ƙarya a takardar mamaci ba, na hango kwandunan nan. Na hango su sosai, har da ƙamshin bandar. Abin da ake bukata daga gare ni kawai shi ne in yi shiru, aikin da ban taɓa iyawa ba.

Na miƙe. Ban gyara hula ba. Na ce duk sun san ni, ni ne wanda aka sa wa ƙa'ida sunansa. Na ce shekara talatin ina cin abinci a kan rubutun fensir, kuma da an yi mini abin da ake shirin yi yau, da 'ya'yana a wata ƙasa suka girma. Na ce matasa sun yi gaskiya, babu mai hannun marigayi a cikinmu, to a raba fensirin uku, liman da sarkin ruwa da malama, kada a shigar da jan layi sai duk sun yarda. Matar da mijinta ya rasu kuma ta riƙe gurbinsa muddin tana dasa shi, a rubuta wannan da biro yau. Shugaba ne ya fara ɗaga hannu. Wannan karon ba a yi tafi ba, amma hannuwan sun isa.

Washegari da hantsi na tura kwale-kwale na haura wurinta. Na ce wa kaina duba ruwa zan je, amma sabuwar riga na sa. Tana zaune a gaɓa tana ɗinke bakin gura, ƙafafunta a cikin ruwa. Na yi sallama, ta amsa ba ta ɗago ba. Na tambayi 'yan mata, na tambayi jikoki, na yi maganar yadda ruwa ke saurin janyewa bana. Na tsaya ina riƙe da sandar tuƙi ina jira. Sai da ta ƙulle zaren ta yanke shi da haƙori sannan ta dube ni.

Ta ce, "Na Ƙasa, an ce ka yi magana a taro. Na ce musu ba bakinka ba ne, na marigayi ka ara." Ta jawo wata gurar ta ɗora a cinya. "Mai shi dai ba zai zo karɓa ba. Sai ka san yadda za ka yi da shi."